Ranar da Minista ya ajiye makullin mota

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar maigidana, direban nan da 'yan gida mazauna Alƙahira suka fi sani da Minista. Ba zan kira sunansa ba. Ban kira yana da rai ba, ba kuwa zan fara a jarida ba. Amma sunan nan na Minista ni na laƙaba masa, kuma cikin ɓacin rai na yi, har mutumin ya koma ga Mahaliccinsa ban janye ba. Abin da ke cina ke nan.

Mun zo Masar ina da sauran ƙuruciya, shi yana tuƙi a wani ofishin jakadanci. Aka ba mu gida a unguwar Ma'adi, ƙarƙashin manyan itatuwa, kuma takardar zamanmu duk a jikin aikinsa take. Malam bai taɓa taka Ingila ba, Turancinsa ma na tsintuwa ne a bakin mota, amma babu abin da yake so a duniya kamar kallon majalisar Turawan nan suna cacar baki. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, abokinsa Bitrus, mutumin Kafanchan mai dafa abinci a ofishinsu, zai zo su kunna talabijin su kalli maimaicin zaman makon. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, suna fassara mini abin da suka ga dama.

Kowa da gwaninsa. Bitrus wata mace yake so da ta taɓa riƙe ƙasar, wai in ta ce a'a to khalas, an gama, kamar dai uwarsa. Ni kuwa dattijon nan na kan doguwar kujera nake so, mai daka musu tsawa yana cewa oda, oda, su yi tsit. Shekara da shekaru na ɗauka shi ne sarkin Ingila, su biyun kuma suka ƙi gaya mini gaskiya don suna jin daɗin yi mini dariya. Wani abu da ya burge ni shi ne da Malam ya ce ba sa kiran junansu da suna, sai dai a ce mai girma wakilin gari kaza. Na ce ashe Turawa ma sun san kunya. Daga ranar ya daina ce mini Ta Gumel kawai, ya koma ce mini mai girma wakiliyar Gumel, musamman in na fara faɗa.

Nasa gwanin ba wani babba ba ne. Wani ƙaramin minista ne mai sanƙo, wanda ko Bitrus sai an tuna masa. Ma'aikatan ofishinsa ne suka yi kuskure a wata takarda, ba shi ba, amma ya miƙe a gaban majalisa ya ce tunda ofishin nasa ne kuskuren ma nasa ne, ya sauka. Na ji labarin nan daga bakin Malam har na haddace. Kullum sai in ce masa a garinmu ba a sauka sai an kama mutum da abin kunya, lallai mai sanƙon nan akwai abin da ya ɓoye. Sai ya yi murmushi ya ce majalisa ta ji.

Wata safiya, Hadiza 'yarmu tana da sauran shekara biyu ta gama karatun likita, Malam ya dawo gida tun kafin azahar, ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce a wani shataletale na Ma'adi wata tsohuwa ta tsallaka da burodi a kanta, bai gan ta ba sam, ihunta ne ya sa ya taka burki. Motar ba ta taɓa ta ba, ta zage shi ta wuce. Daga nan ya biya wurin likita, aka ce ciwon ido ne mai cin gani ta gefe, sannu a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce gobe zai mayar da makulli.

Na ce ya bari Hadiza ta gama. Na ce ya riƙa tafiya a hankali. Na tuna masa gidan da muke ciki da takardar zama, na tambaye shi inda zai kai mu. Da na ga bai motsa ba sai na ce, "Malam, kai kaɗai ne a motar. Wa ya gani?"

Ya ce, "Ai maganar ke nan, Ta Gumel. Ni ma ban gani ba."

Washegari ya sa farar rigarsa ta salla ya tafi, ya dawo a motar haya. Cikin wata biyu muka bar Ma'adi muka koma unguwar Ard al-Liwa, hawa na biyar, lungun da rana ba ta shiga sai da tsakar rana. Muka koma raɓe da takardar karatun Hadiza da taimakon mutanen kirki, kowace shekara da fargabar ko za a sabunta mana. Ni da nake aika a sayo mini cefane, na koma tuƙa tuwo ina sayar wa ɗalibai. A ranar farko da na ajiye masa abinci a sabon gidan na rusuna na ce, ranka ya daɗe Minista, ga abin da murabus ya samar. Ɗalibai suka ji, suka ɗauka kirari ne, sunan ya bi shi har masallaci.

Shekara tara ya yi bayan nan, ban taɓa jin ya ce mini kanzil a kan sunan ba. In na kira, sai ya amsa. Idon ya yi ta raguwa har ya zamana majalisar tasa da kunne yake binta, ya karkata kai wajen talabijin, Bitrus yana gaya masa wanda ya miƙe. Hadiza ta gama, ta samu aiki, muka sarara. Ni ma fushin ya daɗe da hucewa, amma ban faɗa ba. Ina ganin ai ya sani, ina ganin akwai lokaci. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi bayan la'asar, a nan muka binne shi.

Yanzu ina jin labarin Ingilar tasa suna ta canza shugabanni, wannan ya hau ya sauka, wancan ya hau ya sauka. Bitrus ya koma gida, ya tsufa, amma duk sanda wani ya yi murabus sai ya bugo waya ya ce mini, Hajiya, jam'iyyar Minista ta ƙara samun mutum. Mu yi dariya, in ajiye wayar. Nakan tambayi kaina ko Malam zai karɓe su. Ina jin sai ya fara tambaya ko turo mutumin aka yi har ya rasa wurin tsayawa, ko kuwa shi ya duba kansa tun ba a ce komai ba. A wurinsa waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, ni ce nake haɗa su. Da yana nan da mun yi musun, da na so in ji yadda zai kayar da ni.

Tsufa ne ya ƙarasa mini bayanin da na ƙi ji daga bakinsa. Yau ni ce ke tsallaka titi da sanda, ƙafa ba sauri, motocin Alƙahira ba sa jiran kowa. Duk sanda na sauka daga gefen hanya, raina yana cikin idon wani direba da ban sani ba, sai in kama kaina ina roƙon Allah ya sa mai gaskiya ne da kansa. Malam bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka tsallaka titin Ma'adi suka isa gida lafiya, ba su san shi ba, ba su san akwai abin godiya ba.

A shekararsa ta ƙarshe ya taɓa ce mini abin da ya fi so wurin 'yan majalisar Turawan nan shi ne, mai neman gafara a cikinsu ba ya jan mutum lungu, tsaye yake yi a gaban kowa. Ni a gaban ɗalibai na yi masa izgili, don haka ba zan je kabarinsa in yi raɗa ba. Ban yi boko ba, Hadiza ce ke rubuta mini wannan, kuma na ce ta rubuta cewa na dafa bango na miƙe. Malam, kai ne da gaskiya, ni ce ban yi daidai ba. Allah Ya haskaka maka kabarinka, Ya mayar maka da ganinka a can.