Tulun da Ba Ya Riƙe Ruwa

Daminar da ruwa ya kayar mana da ɗaki a Sabon Gari, ni takalmina na zuwa majami'a na yi wa kuka. Mama kuwa tulunta ta yi wa, kuma ba na ruwa ba, na kiɗa. Ita ke buga tulu a zumuntar mata ta majami'armu. Takan zauna ta matse shi tsakanin gwiwoyi, tana dukan bakinsa da guntun soson katifa, yana amsawa bum, bum, har mutum ya ji a haƙarƙarinsa. Garu ya faɗo da hantsi muna tsakar gida muna kwarfe ruwa. Ba wanda ya ko ƙwarzane, amma tulu ya koma tsingaro.

Muka tattara komatsanmu muka koma Tsibiri gidan Kaka, mahaifiyar Baba. Ɗakin da muka samu, in na yi miƙa sai ƙafata ta gaida Mama, hannuna ya gaida buhun gero. Baba yana fita kabu-kabu da babur Maraɗi da safe, ya dawo da abin da ya samu.

Mama ba ta bar addu'a ba. Kowace safiya sai ta tara mu ta ce, "Ubangiji, mun gode da ba a kanmu garun ya faɗo ba." Waƙa ce ta ɗauke mata. Matar da ke daka da waƙa, shara da waƙa, har faɗa takan yi mini da amshi, sai ga ta tana aiki baki rufe. Gida ya yi tsit, kajin Kaka ma da sanɗa suke tafiya. Da Lahadin godiya ta zumuntar mata ta matso, ta ce ba za ta je ba.

"In je in yi me? In zauna ina tafi kamar baƙuwa?"

Na ce bari in taimaka. Na jawo bidon ruwa, wato jarkar roba, na shiga jibgar sa da faranti. Jakin maƙwabta ne kaɗai ya amsa, shi ma ina jin ƙorafi ya yi. Kaka ta leƙo da sandarta.

"Ke ƙawar faɗa, in aljanu kike kira, ki kira su a gidan ubanki."

"Ai ya rushe, Kaka."

"To shi ya sa. Ashe ke kika kayar da shi da wannan kiɗa."

Mama ko murmushi ba ta yi ba.

Washegari Kaka ta tashi da mita. Wai ruwan bido ya ishe ta, in ta kurɓa da rana kamar shayin da aka manta sukari. Ta ce wa Mama ta je Jiratawa, inda ake ginin tukwane na ƙwarai, ta zaɓo mata tulu mai sanyi. Baba ya ɗora mu a babur, Mama a tsakiya, ni a can ƙarshe inda rabin jikina ke Tsibiri rabi na hanya. Muka ratsa Maraɗi muka ɓulla.

Maginiyar wata tsohuwa ce mai hannu ja da yumɓu. Ta jera mana tuluna, Mama tana ƙwanƙwasa cikinsu da yatsa kamar yadda kowa ke yi, don mai tsaga ba ya ƙara. Ta zaɓi wani ja mai kyau, ta ce a ɗaure. Ni kuwa na gaji da tsayuwa. A jikin danga na ga wani baƙin tulu karkatacce, wuyansa kamar na wanda ya kwana ba daidai ba. Don neman magana na cire silifa na kwaɗa wa bakinsa.

Bum.

Mama ta tsaya cak. Na ce yau na sha duka a garin mutane. Ta taho, ta karɓe silifar, na rufe ido. Sai na ji bum, bum-bum, bum. Na buɗe ido na gan ta durƙushe, tulu tsakanin gwiwoyi, kai a karkace tana saurare. Can sai murya ta fito, a dushe da farko kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, sannan ta washe. Waƙar yabo ce da suke yi in za a kai baiko a majami'a. Baba ya cire hularsa ya juya baya, wai ƙura ce ta shiga idonsa.

Tsohuwa ta riƙe haɓa. "'Yata, wannan ai ya huje tun a wuta. Kaza na ba wa ta yi ƙwai a ciki, ta ƙi. Me za ki yi da shi?"

"Yabon Ubangiji zan yi da shi, Inna."

"Da hujajjen tulu?"

"Mu ma bana hujajju ne, Inna, bai kuwa yar da mu ba."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari, ta ce Mama ta ɗauka kyauta, ta raba ta da kayan haushi. Sai Baba ya dubi babur, ya dubi tuluna biyu, ya dube mu.

"Ɗaya zai sauka. Ko tulu, ko yarinya."

Mama ta zuba mini ido. Ta daɗe tana tunani, daɗewar da har yau ban yafe mata ba. Daga baya ta ba tsohuwa haƙuri, aka kwance jan tulu, na rungumi baƙin. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce bum a cikina.

Kaka ta tarye mu a ƙofa. Ta zuba masa moɗa ɗaya, ruwa ya tsiyaye a kan ƙafarta.

"Na aike ku tulu, kun kawo mini rariya!"

Mama ta zauna ta buga. Kaka ta ci gaba da faɗa, amma na lura sandarta tana sauka ƙasa daidai da kiɗan.

Ran Lahadi Mama ta ɗaura zanen zumunta da ta tono daga laka, wanda wanki bai fitar da jan ƙasar ba. Ni na bi ta da silifa. Da ta buga, kwanon rufin majami'a ya yi rawa, tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa suka manta da wace ƙafar ce. Ɗakinmu na nan a rushe, kuɗin jan tulu ya tafi a gero, ruwan bido muka ci gaba da sha da zafinsa. Da yamma na yi ƙorafi, Mama ta ce in gode wa Allah, wasu sai sun hura wuta suke samun ruwan zafi. Da waƙa ta faɗa, har da amshi, Kaka ta karɓa daga ɗaki.