Baƙon da Zai Je Makka a Keke

Jama'a, ku ji abin da baƙo ya yi mini yau!

Shekaranjiya ya sauka gidanmu a unguwar Jakara, wai shi Malam Isa, daga Kumasi yake tafe a keke, Makka za shi. Ya roƙe ni in tsaya masa a ba shi bizar ratsa Cadi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Doguwar tafiya haka, amma ko faso babu a ƙafarsa!

Yau muka hau kekunanmu zuwa ofishin biza. Muna zama, akawu ya ƙura masa ido. "Ba kai ne Haruna ɗan Barno da ka zo makon jiya ba?"

Baƙona ya miƙe. "Malam, bari in kama ruwa."

Shiru, shiru! Na leƙa waje. Ga tsohon kekensa a jingine, sabon nawa kuwa ya yi gaba!