Jakar Littattafan Wade

Noreen Paskett ta shekara ashirin da uku tana cusa littattafai a jaka. Aikinta ke nan a ɗakin karatu na makarantar yaran karkara da ke yammacin Queensland, inda ɗalibai ke warwatse a gonakin shanu, malamai na koyar da su ta kwamfuta. Duk mako biyu, kowane yaro jaka ɗaya koriya, littafi takwas a ciki. Motar wasiƙa ta kai sabuwa, ta dawo da ta baya. Yawancin yaran ba ta taɓa ganin idonsu ba. Ta 'yar takardar da suke sakawa a aljihun jaka ta san su: wannan dawaki yake so, waccan ta ce kada a ƙara aiko mata labarin da kare ke mutuwa.

Adabi ta karanta a jami'a, kuma a da tana da tsaurin ra'ayi a kan abin da ya isa a kira shi karatu. 'Yarta Tamsin ce ta ɗanɗani wannan tsaurin. A makarantarsu kowane yaro yana da takardar da iyaye ke sa wa hannu kullum, shaidar ya karanta shafi kaza. Wata ranar Talata Tamsin, tana 'yar shekara goma, ta miƙo takardar tare da littafin zane, irin wanda labarinsa ke tafiya hoto bayan hoto. Noreen ta buɗe. Shafi goma sha biyu a jere, wata yarinya ce zaune a kujerar bayan bas ita kaɗai.

"Babu kalma ko ɗaya, Tamsin. Me zan sa wa hannu?"

"Ai na karanta, Mama."

"Kallo dai kika yi. Je ki ɗauko na gaske."

Ta je ta ɗauko na gaske. Bayan wata huɗu sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana uku. Shekara goma sha biyar ke nan. Noreen ta san littafin bai jawo komai ba. Abin da ke cin ta shi ne tambayar da ba ta yi ba: me ya zaunar da 'yarta rabin awa tana kallon wadda ba ta da abokin zama?

Wade Kinnear ɗan shekara tara ne, gonarsu tafiyar awa shida ce daga gari, kuma babu wani yaro a kusa. Sau biyar a jere takardarsa na dawowa da roƙo ɗaya: a sake aiko masa littafin hotunan nan na yaron da ke gadin famfon ruwa, wanda raƙumin daji ke zuwa sha a wurinsa kowace yamma. Ƙa'ida ta ce sau biyu ake sabunta aro. Noreen ta kau da kai.

Sai uwarsa Shelley ta bugo waya, kukan shanu na tashi a bayanta.

"Noreen, ke ce ke aiko wa ɗana wannan raƙumin?"

"Shi ya roƙa."

"In ya roƙi alewa safe da rana sai ki ba shi? Yaro ya kai aji huɗu yana karatu kamar mai jan jaki a taɓo. Ki aiko masa abin da ke da rubutu, don Allah. Raƙuma muna da su a nan, har shinge suke karya mana."

Noreen ta buɗe baki. Ta so ta ba ta labarin 'yarta, amma ba ta taɓa ambaton Tamsin a wurin aiki ba, kuma ɗan na Shelley ne.

"To," ta ce.

Ta zare littafin, ta sa a jakar wata yarinya da ta daɗe tana jiran layi, ta cika ta Wade da masu rubutu tun daga sama har ƙasa. Jakar ta tafi ta dawo. Ta zura hannu a aljihun: wayam. Ta zazzage jakar, ta girgiza littattafan ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako biyu ma haka.

Ranar nan ta rufe ƙofar ɗakin karatun ta kira Shelley.

"Kin san lokacin tara shanu ne kuwa?" in ji Shelley. "Faɗi da sauri."

"Wade ya daina rubuto mini."

"Ya huta, ke ma kin huta."

"Ina da 'ya, Shelley. Ta rasu." Ta faɗi sauran a taƙaice, da takardar, da bas ɗin, da abin da ta ce wa Tamsin.

Can Shelley ta yi wa wani tsawa ya rufe ƙofar garke, sannan ta dawo da murya ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Wade fa ba ya cewa komai. Ka tambaye shi, ya ce lafiya lau." Ta ja numfashi. "Aiko da raƙumin. Amma ban yi alkawarin zama kallon hoto ba."

Noreen ta duba rajista. Littafin yana wata gona can arewa, kuma tun shekaranjiya ruwa ya yanke hanyar. Direban wasiƙa ya ce in an yi sa'a, mako shida.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ita ta rubuta takardar. "Wade, ni na cire littafinka ban tambaye ka ba. Ban kyauta ba. Zai dawo in hanya ta bushe. Ban san abin da kake gani a cikinsa ba, ina so in sani." Ta haɗa da sabon littafin yin zane marar komai a ciki da fensir uku.

Jakar ta dawo ranar Alhamis. Aljihun babu takarda. Ta ƙirga littattafan, takwas cif. Littafin yin zanen da fensiran ba su dawo ba.