Gariba, Mutumin da Ya Hana Ɗana Zuwa Amurka

Duk ranar Asabar, tun bakwai ba ta yi ba, za ka samu Gariba tsaye a ƙofar ɗakin wasanni na council, wato ƙaramar hukuma, da ke bayan tashar Stratford a Landan, yana jiran mai gadi ya buɗe. Ana buɗewa sai ya ɗauki tsumma da bokiti ya bi daɓen nan daga wannan kwando zuwa wancan, wai kada santsi ya karya masa ɗan mutane. In ya gama sai ya zauna da famfon keke yana hura ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya. Samari sai ƙarfe takwas suke zuwa. Sauran kwanakin mako kuwa yana wani babban asibiti a Camberwell, yana tura gadon marasa lafiya daga wannan hawa zuwa wancan. Shekara ashirin da huɗu yana haɗa biyun. Ƙarshen watan nan zai ajiye koyar da ƙwallon kwando, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kafin in yi nisa gara ku san mai magana. Sunana Lawal, minicab nake ja, wato tasi, karatuna bai wuce firamare ba. Ni da Gariba ɗaki ɗaya muka riƙe a Whitechapel farkon zuwanmu, ni daga Kano, shi daga zangon Kumasi. Shi ya yi wa ɗana Affan huɗuba, don ina kan hanya da fasinja ranar da aka haife shi. Kuma yau shekara uku ke nan ban yi masa sallama ba. In na hango shi a masallaci ranar Juma'a, ta ɗaya ƙofar nake fita. Saboda haka wanda ke zaton aboki ne ya zo zuba wa abokinsa kirari ya gyara zama.

Na fi Gariba komai da ido ke gani. Ina da gida, ina da mota, shi har yau yana flat mai ɗaki ɗaya yana taka keke. Amma ni ba wanda ya taɓa kirana daga Amurka. Shi ana kiransa. Ga wanda bai sani ba, kwalejojin Amurka suna neman 'yan wasa daga ƙasashen waje. In sun ɗauki yaro sai su ba shi karatu da ɗaki da abinci kyauta, shi kuma ya buga musu wasa shekara huɗu. Kocinsu ba zai hau jirgi don kowane yaro ba, sai ya nemi mutumin da ya yarda da idonsa ya tambaye shi. A wannan ɓangare na Landan, kociyoyi uku ko huɗu Gariba suke tambaya. Mutumin da ba shi da ofis, ba shi da takardar shaida ko ɗaya a bango. Na ga wayarsa ta yi ƙara yana sanye da rigar asibiti, ya ce wa Bature ya sake kira bayan awa ɗaya, yana da mara lafiya a hannu. Kuma Baturen ya sake kira.

Yadda yake auna yaro ba irin na kowa ba ne. In iyaye suka kawo masa bidiyon minti uku wanda aka tsinto wuraren da ɗansu ke zura ƙwallo, har da kiɗa, ba ya ko buɗewa. Sai ya ce a kawo masa wasa cikakke, kuma wanda aka ci su. Tsawo kuwa ba ya karɓar na takarda. Yaro zai cire takalmi da safa ya jingina da bango, a auna shi da igiyar tela, sannan ya miƙe hannuwa a auna daga yatsa zuwa yatsa. Akwai wani uba da ya kawo ɗansa da fasfo mai shekara sha bakwai, alhali rabin unguwa sun san saurayin ya haura ashirin da ɗaya. Gariba ya ce ya zo atisaye kullum in yana so, ƙofa a buɗe take, amma sunansa ba zai hau takardar da zai sa wa hannu ba. Mutane sun ga wannan. Ni ma na gani, har na yaba masa a lokacin, don ba ɗana ba ne.

Affan tun yana shekara tara yake hannun Gariba. Ya tashi da hannu mai kyau, in ya jefa daga nesa kamar ya ajiye da hannu. Ban taɓa fashin wasansa ba, ko da zan bar aiki. Da ya kai sha takwas, wani koci daga wata ƙaramar kwaleji a Amurka ya kira Gariba ya ce yana da gurbi ɗaya, ya ba shi suna ɗaya. Ni a raina an gama. Har na fara gaya wa fasinjoji.

Sai matata Sakinatu ta ce min ta ji kamar akwai wani. Rwang ne, wani dogon saurayi ɗan Jos da ya biyo mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, bai fi shekara ɗaya da rabi a Landan ba. Na san shi. Ba ya magana, in ka gaishe shi ƙasa yake kallo, jifansa kuwa in ya yi goma da ƙyar huɗu su shiga. Na yi dariya, amma ban yi barci sosai ba.

Sai na yi abin da muka iya, na yi kamun ƙafa. Na sayi goro da turare da yadin shadda, na ɗauki Alhaji Abdul-Ganiyu, dattijon da ke sasanta mu in an samu saɓani a masallaci, da wani dattijo abokinsa da muke ce wa Malam, muka tafi gidan Gariba bayan la'asar. A wurinmu in manya suka tako har ɗakinka, magana ta ƙare. Gariba ya durƙusa ya gaishe su, ya kawo shayi, ya saurari Alhaji har ya gama tuna masa huɗubar da ya yi da gishirin da muka ci tare. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya roƙi dattawan alfarma ɗaya, su zo ɗakin wasa ranar Asabar su zauna kusa da shi. Alhaji ya ce shi bai san kan wannan wasa ba ko kaɗan. Gariba ya ce hakan ma ya fi.

Ranar Asabar ya sa Affan da Rwang a ɓangare ɗaya, suka kara da wasu samari daga Hackney. Kafin a fara ya juya wajen dattawan, da Hausarsa ta zango.

"Alhaji, kar ka duba ƙwallo kwata-kwata. In an ƙwace shi daga hannun yaranmu, duba wanda ya koma baya da gudu ya tsare gida. Kai ka ƙirga mani Affan, Malam ya ƙirga dogon nan."

Sai ga dattawa biyu sun zaro carbi suna ja.

Affan ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Maki talatin da ɗaya ya ci. Ni kuwa na miƙe tsaye, muryata har ta dushe. Rwang maki takwas. Da aka tashi na sauko ina gyara hula, ina jiran a yi min barka. Gariba ya tambayi dattawa lissafinsu. Sau goma sha bakwai ƙwallo ta kuɓuce wa yaranmu. Rwang ya koma sau sha shida, ɗayan kuma yana kwance a ƙasa ne an ture shi. Affan sau biyar.

Na ce ai maki ake ƙirgawa ba gudu ba. Alhaji Abdul-Ganiyu, mutumin da na ɗauko a motata, ya mayar da carbinsa aljihu ya ce min a hankali, "Lawal, ni ban san wasa ba. Amma duk sanda yaron nan ya jefa, ta shiga ko ba ta shiga ba, kai yake juyowa ya kalla. Kafin ya gama kallonka mutane sun wuce shi."

A nan ne na faɗi maganar da nake jin kunyarta har yau. Na ce wa Gariba a gaban mutane, zai bar ɗan da ya yi wa huɗuba ya ɗauki yaron da ko masallacinmu ba ya shiga. Rwang yana zaune a benci yana kwance igiyar takalmi, na san ya ji. Gariba bai ɗaga murya ba.

"Bature ya tambaye ni wanda zai iya wasansu. Bai tambaye ni ɗan wa nake so ba. In na aika Affan, shekara ɗaya zai yi a benci su sallame shi, ya dawo ba karatu ba wasa. Ni ba zan yi masa haka ba, ko kai ka ce in yi."

Washegari ya aiko da shaddar da turaren ta hannun Sakinatu. Goron ya riƙe, wai na dattawa ne, ba a mayarwa.

Rwang ya tafi. Yanzu yana shekararsa ta uku, an ce duk wasa da shi ake farawa, kuma duk ɗan wasan da ya fi haɗari a ɗaya ɓangaren shi ake sa ya tsare. Ban taɓa kallo ba. Affan ne ke kallo a waya yana murna kamar ɗan'uwansa, abin da ya fi komai ƙona min rai.

Don Affan bai yi fushi ba. Ni na yi fushin, shi Asabar ta zagayo ya ɗauki jakarsa ya koma. Gariba ya kai shi wajen kocin wata jami'a a nan Ingila, ya shiga, yana buga musu, yana karatun gashin ƙashi da gyaran jijiya na 'yan wasa. Bana zai gama. Watan jiya muna zaune ya ciro takardar da Gariba ya aika Amurka, ashe ya ba shi kwafi tun kafin ya tura. Ya karanta min da Turanci yana fassarawa. A kan Affan an rubuta cewa a shekara ashirin bai koyar da mai hannu kamarsa ba, amma ƙafarsa tana da nauyi, tsawonsa ya tsaya, kuma hankalinsa na rabuwa a fili. A kan Rwang ma bai ɓoye komai ba. Ya ce hannun hagunsa bai iya komai ba tukuna, jifansa sai an yi aiki. Ya ƙara da cewa in sun yi magana da shi za su ga ba ya kallon idon babba, kada su ɗauka tsoro ne ko rashin gaskiya, tarbiyya ce, a fili ba ya sunkuyar wa kowa.

Na tambayi Affan ko bai ji ciwo ba. Ya ce ya ji, har kuka ya yi. Na ce a ina, ni ban gani ba. Ya ce a ɗakin Baba Gariba. A wayarsa ma haka ya rubuta shi, Baba. Ni an rubuta Dad.

To, Gariba, ga ni gare ka. Kai ne mai idon da ba ya bin ƙwallo. Kai ne ka zauna a ƙasa gaban dattawa, ka ba su girmansu, kuma ba ka sayar musu da gaskiya ba. Yara nawa ka aika waje, ina jin tara ne, ba ko ɗaya da aka dawo maka da shi. Waɗanda ka hana tafiya sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne ke cika maka ɗaki ranar sallah. Wannan na kasa ganewa, kuma ina kishinsa, ba zan ɓoye ba. Na yi shekara tara ina zuwa kallon ɗana, ban ga abin da dattijo ya gani a awa ɗaya ba, kai kuwa ka daɗe da gani, ka yi shiru don kada ka kunyata ni, sai da na jawo mutane da kaina. Amma ɗana yana nan da ƙafarsa da karatunsa, yana gaishe ni da safe. Na gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana iyaye da ke nan Landan, musamman masu baki irin nawa, in Allah ya haɗa 'ya'yanku da mutumin da zai auna su ya faɗa muku abin da ya gani, ku riƙe shi. Kada ku kai masa dattawa. In ku ne aka tambaya game da ɗan wani, malami ne kai ko mai gida a wurin aiki, ka faɗi abin da ke akwai kamar yadda mutumin nan ya yi, ko da za a daina gaishe ka. Samarin da suka fito daga hannunsa kuma, ɗakin nan na Stratford yana buƙatar wanda zai riƙe shi. Kada ku bari a rufe.

Na ji dalilin ajiye aikin. Gwiwarka ta dama ta ƙare, za a yi maka aiki ranar sha huɗu ga wata mai zuwa, kuma asibiti sun ce ba za su sallame ka ba sai da wanda zai kai ka gida ya hau da kai bene. Na ji Affan ya rubuta sunansa. Na sa ya goge. Ni zan zo, ƙarfe biyu ina bakin ƙofa. Ka zauna a gaba, akwai wurin miƙe ƙafa. In ka ga dama ka amsa sallamata, in ba ka ga dama ba mu tafi a haka, na san hanya.