Makullin A-kori-kurar Kaka

Jiya ƙawata ta goyo ni a mashin ta unguwar Kanvili a nan Tamale, sai ƙaurin wayar mota da ta ƙone ya bugi hancina daga wata rumfar masu wayarin. Idona ya kawo ruwa. Ta ce, "Lafiya?" Na ce ƙwaro ne ya faɗa mini. Ƙarya nake yi, kuma za ku ga na daɗe da iya ta.

Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, muna zaune a gidan kakana na wajen uwa a unguwar Bulpiela. Kaka yana da wata farar a-kori-kura da yake wankewa fiye da yadda ake wanke jariri ranar suna. Ko ƙuda zai sauka a gilashinta sai ya yi sallama. Ranakun kasuwa takan ɗauko doya da kaɗanya daga ƙauyuka, amma babban aikinta daban ne: duk wanda ya rasu a zangonmu, ita ke kai shi maƙabarta. Da an yi sanarwa a masallaci, Kaka zai sauke duk abin da ke bayanta, ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya tsaya jiran makara. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki, shi ya ɗora wa kansa.

Kaka direba ne, amma rabinsa makaniki ne. Da kunne yake gyara. Kuma kafin ya ɗauki ko sifana ɗaya, sai ya yi tambayarsa: "Wa ya taɓa ta a ƙarshe, kuma a ina?" Yakan ce duk inda hannu ya taɓa, nan ake fara dubawa.

Kowace la'asar yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida tare da amininsa, wani tsohon tela. Tun suna samari suka iso Tamale tare, kuma tun ranar ba su daina tsokanar juna ba.

"Direba," in ji tela, "ranar tawa kai za ka kai ni. Kuma ka bi a hankali, bayana ba ya son jijjiga."

"Kai da ka tsufa kana ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya? Da gudu zan kai ka, in huta."

Kawuna ne ya zo da zancen wani saurayi mai kwamfuta a unguwar Dungu, wanda ke shiga ƙwaƙwalwar mota ya ƙara mata ƙarfi. Ya ce doya ta yi wa motar nauyi a kan tudu. Kaka ya ce, "Wadda ke ɗaukar mamata, ina za ta da sauri?" Magana ta ƙare a nan, ko kuma haka Kaka ya zata.

Makullin yana ƙarƙashin buzun sallarsa, kuma ba mai shiga ɗakinsa sai ni, domin ni ce amaryarsa ta wasan jika da kaka, ni nake share masa. Wata Asabar ya tafi suna shi da tela. Kawu ya saye ni da soyayyen cukun wagashi da alkawarin kujerar gaba, na ɗauko masa makullin. Da ya ƙara yaji ma, ina jin har buzun zan haɗa masa.

A Dungu ina zaune ina lasar yatsa, saurayin ya ce in ɗaga ƙafata. Ya cusa kai ƙarƙashin dashbod ta gefena, ya kwance wata baƙar waya daga jikin ƙarfe, ya zaro wani ƙaramin akwati mai launin azurfa, ya jona shi da kwamfutarsa. Yana aiki yana waya da budurwarsa. Da ya gama ya mayar da komai da hannu ɗaya. A hanyar dawowa motar ta tashi sama. Na rantse mun wuce wata ungulu, ta waiwayo tana kallonmu.

Washegari Kaka ya kunna ta, ya karkata kai, ya kashe. Ya tara mutanen gida ya yi tambayarsa. Kowa ya ce bai sani ba, Kawu kuma ya duƙufa yana gyara takalminsa. Sai Kaka ya juyo gare ni yana murmushi.

"Amarya, ke kike gadin ɗakina. Wani ya taɓa makullin nan?"

"Ni da na wuni a ƙofar kamar soja? Ko ƙadangare bai wuce ba, Kaka."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya yarda da ni.

Kafin mako ya zagayo motar ta fara hauka. Fitilun dashbod su kama su mutu su kaɗai. Allurar mai ta nuna cike yanzu, an jima ta kwanta. In ta faɗa rami, waifa ta hau share busasshen gilashi, wani lokaci injin ya ɗauke gaba ɗaya, sai ya ga dama ya dawo. Da farko ni dariya abin ke ba ni, har kwaikwayonta nake yi wa yara.

Kaka bai yi dariya ba. Ya goge kawunan batir har suna ƙyalli. Ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a rana. Ya cire abin cajin batir ya kai wa mai wayarin, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya bi wayoyin fitila da yatsa tun daga gaba har baya. Wata rana ya jona wata waya don gwaji, ta narke, ƙaurin ya cika tsakar gida har cikin tuwo. Wuri ɗaya kawai bai duba ba: akwatin azurfan nan, domin a saninsa tun daga masana'anta hannu bai kai wurin ba.

Damina ta yi tsakiya, ni ina kai musu shayi ƙarƙashin darbejiya, na ji Kaka ya ce wa tela, "Ina jin muryarta ta canza, amma ba wanda ya taɓa ta. Kunnena ya fara yi mini ƙarya." Tela bai tsokane shi ba. Kawu kuwa ya tattara ya tafi ƙauye wai duba gonar doya. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, kullum kuma maganar ƙara nauyi take yi.

Tela ya kwanta kwana huɗu, ya cika da safe. Kaka ya share bayan motar, ya shimfiɗa tabarma. Mu mata muna leƙe daga ƙofar gida aka ɗora makara. Ya ja a hankali, maza na biye a baya. A kan kwalbatin ƙarshen layi motar ta yi tsalle kaɗan, ta mutu. Ya murza makulli, shiru. Ya sake. Waifa kawai ke kai da kawowa. Mutane suka jira gwargwadon kunya, sannan suka sauke makarar suka ɗora a kafaɗa. Kaka ya fito ya bi su a ƙafa, ya bar ƙofar motar a buɗe.

Kwana uku bai kalle ta ba. Bayan sadakar uku na same shi a ɗaki, na durƙusa, na faɗa masa komai, ban ƙara gishiri ko kaɗan ba. Na jira mari. Sai ya ce, "Nuna mini."

Na nuna masa wurin. Ya kwanta da ƙyar, ya lalubo baƙar wayar. Notinta bai ɗauru ba, da yatsa ma yana juyawa. Ya ɗaure shi da sifana, cikin lokacin da ko kofin koko ba zai huce ba. Ya kunna, fitilu suka tsaya cak. Ya daɗe yana sauraron injin.

"Ashe kunnena lafiya yake," in ji shi. Sannan ya ce, "Shiga."

Muka tafi maƙabarta, bayan motar babu kowa. A bakin ƙofa ya ce in zauna a mota, ya shiga shi kaɗai.

Damina biyu bayan haka shi ma ya bi amininsa. Yanzu masallacinmu yana da bas ta musamman ta jana'iza, masu wayarin kuma ba sa tambayar kowa komai, na'ura suke jonawa ta gaya musu inda ciwon yake. Da tana nan a lokacin, da ta tona mini asiri tun ranar farko, kuma da na gode mata.

Har yau ban san abin da Kaka ya gaya wa tela ba. Na dai san ya daɗe a ciki. Da ya fito, gwiwoyin wandonsa sun yi jajir da laka, sifanar kuma tana hannunsa, ya manta bai ajiye ta ba.