Mai Famfo Bai Iya Alkawari Ba

Shekara goma sha tara muna shiga rami ɗaya da shi, don haka ba sai an karanta mini takardar takararsa da aka manna a bango ba. Na san mutumin. A unguwa Mai Famfo ake ce masa. Ni Gajere nake kiransa, shi kuma ya ce mini Tsoho.

Ubansa lebura ne, mai haƙa ramin bututu. Wata rana ƙasa ta rufta masa, bai sake takawa daidai ba. Gajere ya ajiye littafi ya ɗauki sifana, ya riƙe ƙannensa huɗu har suka gama makaranta. Autarsu yanzu malamar asibiti ce. Matarsa tela ce, kekenta yana bakin ƙofa, 'ya'yansu uku suna karatu a kan teburin da take yanka yadi.

Lokacin da bututu ya datse wa wani abokin aikinmu yatsu biyu, Gajere ne ya yi wata bakwai yana sintiri a ofishin hukumar ruwa. Ba ya ihu. Zama kawai yake yi a benci da takalminsa mai laka, har suka gaji da goge daɓe suka ba mu safar hannu da takalman roba.

Da mutane suka matsa masa ya fito takarar kansila, na ce, "Gajere, bakinka ya yi wa wannan aiki nauyi."

A sana'armu ba a faɗin ranar gamawa sai an tona an gani. Wanda ya ce maka gobe kafin ya buɗe ƙasa, ko sabon shiga ne ko maƙaryaci. Abin ya zauna masa a jini.

Aka tara 'yan takara a wani aji na makarantar unguwa. Kowa ya san inda ƙuri'a take: hannun ƙungiyar matan layin tudu, inda famfo ya shekara shida bai ɗiga ba. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai kitso. Inda ta nuna, nan za su dangwala.

Ta miƙe ta ce, "Tambayata ɗaya ce. Yaushe ruwa zai zo?"

Abokin karawarsa, wani ɗan kwangila mai ƙamshin turare, ya ce, "Wata uku, Inna."

Aka juyo kan namu. Ya sosa ƙeya.

"Ban sani ba, Inna. Ban ga bututun ba."

Ajin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "To a ba shi tocila mana." A hanyar gida matarsa ta sa shi gaba.

"Baban yara, ko wata shida ba ka iya cewa? Harshenka zai karye ne?"

"Idan wata shidan ya wuce fa, ke za ki ɓoye ni a ƙarƙashin keke?"

Washegari ranar hutunmu ce. Ya zo ƙofar gidana da diga da shebur biyu. Bayana yana ciwo, na faɗa masa, ya ce zai warke a rami. Muka tona wuri uku a layin tudu, rana tana dukanmu. Duk inda muka buɗe, labarin ɗaya ne: tsatsa ta cinye bututun, ya zama kamar rariya. Ya yanko guntu ya saƙala a hammata.

Na ce, "Yanzu je ka ce wa Inna shekara ɗaya. Ko ya fi haka, ka rage ko kaɗan ne."

Ya wuce gaba, na bi shi gidan dattijuwar. Muka tarar da ita a tsakar gida, kan wata mata a cinyarta, an kai rabin kitso.

"Inna, na gani. Ba gyara ba ne, canji ne gaba ɗaya. Idan na samu kujerar kuma na yi ta zarya, shekara biyu. Layinku shi ne na ƙarshe, don ruwa ba ya fara hawa tudu."

Na dafe kai. Matar da ake yi wa kitso ta ce, "Wannan ƙuri'a yake nema ko duka?"

Dattijuwar ta goge mai daga hannunta, ta karɓi guntun. Ta juya shi, ta zura ɗan yatsa a wata huda, ya fito ta ɗaya gefen.

"Shekara biyu. Wancan ya ce wata uku."

"Shi bai gani ba, Inna."

Ta kalli lakar da ke ƙafafunmu. Sannan ta tura guntun ƙarƙashin kujerarta, ta koma kan kitsonta.

"Bar mini wannan, ɗan nan. Jibi muna da taro. Ka zo ka tsaya kusa da ni, amma kada ka ce komai. Ni zan yi maganar."