Wutsiyar Layya da Na Kai wa Kulu

Mun tashi daga Kalgo ana sallame sallar asuba, ni da ɗiyata ta tsakiya, da kular abinci guda bisa cinyata. Ku 'yan ajinmu na makarantar manya da kunka yi ta tambayar ina na shiga ranar Cika-ciki, ga inda na shiga. Wadda ta ga kuskure a rubutun ta riƙe abinta, da furfura na koyi riƙon biro.

Jajibirin ranar babban ɗan Kulu ya kira ni. Kulu taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, tare kakarmu ta rene mu a Gwandu. Yac ce tun bayan Layya zazzaɓi ya kayar da ita, an kai ta asibiti, zazzaɓin ya sauka, amma ta rufe bakinta. Ba ta ci, ba ta magana. Ko kunu anka kawo sai ta kau da kai. Likita ya gaya masu magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Daga nan yac ce, "Inna, in da hali ku zo ku gana."

Na tsufa, na san abin da ake nufi da a zo a gana.

Na aje waya, na shiga madafa, na sauko da wutsiyar ragon layyata da ke rataye bisa murhu tun Sallah. Ta sha hayaƙi, ta bushe ƙamas. Na jiƙa ta, na dafa ta da daddawa da albasa da ɗan tonka don yaji har ƙashi ya fara rabuwa da nama. Ɗiyata ta tsaya kaina tana faɗin wa ke kai nama ga wadda ko kunu ba ta haɗiyewa. Nic ce mata ba Kulu za ta ci ba.

A tashar Kalgo ɗaliban jami'a sun riga mu, kowa da jaka a baya da waya toshe a kunne. Kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ya tashi har na tambayi yaron mota ko motar za a bar mani. Yac ce mai ne ya yi tsada. Kowa da mai yake fakewa, har mai sayar da ƙosai. Ban saya ba, ina azumin ranar, amma na leƙa, kuma ƙosan yanzu don ƙanƙanta ido guda ke ganin shi.

A Birnin Kebbi munka sauka munka nemi ta Gwandu. Nan hankalina ya fara tashi. Saura mutum biyu mota ta cika, direba ya tahi shan shayi abinsa. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muna zaune sai wayata ta yi kuka cikin jaka. Ɗiyata ta duba, tac ce ɗan Kulu ne. Kafin ta ɗauka ta yanke. Ta sa hannu za ta kira shi, na fizge wayar na tura cikin zanena. Nic ce in rasuwa ce, ba a tasha za ni ji ta ba, tsakanin buhun taki da akwatin kaji. In ji ta a ƙofar gidanta.

Ta ƙyale ni. Amma wayar ji nike kamar garwashi na ɗaura.

Da munka kama hanya ruwa ya sauko. Gero ya yi kore shar hagu da dama, ya kai gwiwa, wani wurin ya wuce. Fadamu sun cika, masu shinkafa na duƙe cikin ruwan ba su ko ɗaga kai. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri ramuka sun cika da ruwa ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Duk ramin da munka faɗa sai in rungume kular, romo na ɗan tsiyayowa ta bakin murfi.

Ƙamshin ya cika motar. Wani dattijo da ke gabanmu, mai zuwa Dodoru, ya waiwayo ya shaƙa, yac ce in ba hancinsa ya tsufa ba wannan wutsiyar layya ce. Nic ce hancinsa lafiya lau. Wata budurwa kusa da shi ta tambaya me ake yi da wutsiya. Ita ba ta taɓa ji ba. Ga ta da ilimi har da gilashi.

To ni a gidan kakarmu, ran da anka yanka ragon layya ba mai taɓa wutsiya. Kaka da kanta take shafe ta da gishiri ta rataye bisa murhu, mu kuma mu yi wata guda muna kallonta muna haɗiyar miyau. Ran Cika-ciki a tuƙa tuwo mai yawa, a sauko da wutsiya a yi miya da ita. Kowa ya ci sai ya kasa tashi. Kaka ta bi mu ɗaya-ɗaya tana latsa mana ciki da yatsa, wanda ta ji nasa da taushi sai ta ƙara mashi malmala, tana faɗin wanda bai ƙoshi yau ba haka zai ƙare shekara da yunwa. Malamai yanzu sun ce azumin ne ibada, cika ciki kuwa al'ada ce kawai. Na yarda. Amma ni ban taɓa ƙoshi irin na gidan nan ba.

Tsinin wutsiyar, ɗan ƙarshen nan mai kitse, shi ne abin faɗa tsakanina da Kulu. Wata shekara Kaka tac ce nawa ne. Na juya shan ruwa, na waiwayo babu shi. Kulu ta rantse ba ta gani ba, ga mai na naso a zanenta inda ta ƙulle shi. Tun ran nan nike kiranta ɓarauniyar wutsiya, ita kuma tana kirana baiwarta, don ita ɗiyar namiji ce ni ɗiyar mace. Mun yi aure, mun haifu, mun binne mazanmu, ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Haka taubasai suke.

Ina cikin wanga tunani mota ta tsaya. Ruwa ya haye hanya a wani kwari, ja wur, yana gudu. Motoci sun yi layi. Direba yac ce sai ya janye. Maza sunka fita suna auna zurfi da sanda suna gardama. Wayar ta sake kuka cikin zanena. Ɗiyata ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na danne wurin da hannu har ta yi shiru. Ban san tsawon zaman da munka yi ba. Na dai san na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Da wata babbar mota ta ratsa, direbanmu ya bi sawunta, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana jiƙa mana ƙafa. Na ɗaga kular sama har munka haye.

Mun shiga Gwandu rana ta take. Garin ya faɗaɗa, shaguna sun cinye filin da muke gaɗa, amma lungunmu na nan da jar ƙasarsa. Muna karyo kwana na hangi tabarmi a ƙofar gidan Kulu, maza zaune jere. Na dafa bango na kasa kunne ko zan ji kuka daga ciki. Ban ji ba. Ɗan Kulu ya taso da sauri, yac ce masu dubiya ne, tana nan da rai, kiran da yake ta yi don ya gaya mana ruwa ya cinye hanya ne.

Ɗakin cike da mata, kowa na sannu, sannu, a hankali kamar ana tsoron fasa wani abu. Kulu na kwance ta ba mutane baya. Macen da ke ɗaukar turmi ita kaɗai, ta koma kamar an shimfiɗa zane bisa kara. Na tsaya kanta.

"Ke ɓarauniya. Na yi tafiya tun asuba ki tashi ki gaishe ni."

Matar ɗanta, baƙuwa ce a danginmu, ta matso tana roƙona in yi haƙuri, Hajiya ba ta da lafiya. Ɗiyata na jan mayafina. Kulu ko motsi ba ta yi ba. Nan tsoro ya kama ni na gaske, don tunda muke ban taɓa jifanta da magana ta faɗi ƙasa ba.

Na zauna bakin gadon, na buɗe kula. Ƙamshin hayaƙi da daddawa ya tashi. Surukar ta kawo cokali ta ɗebi romo ta kai mata baki tana lallashi. Kulu ta datse leɓe.

Nic ce a ba ni kwano. Ɗiyata ta raɗa mani cewa ina azumi. Nic ce na nafila ne, zan rama. Na yi bisimilla na fara ci a gabanta, ina tsotsar ƙashi da ƙarfi yadda za ta ji. Na ware tsinin na aje gefen kwano, na tura kwanon kusa da hannunta. Nic ce bana dai Allah ya raba ni da ɓarayi, zan ci tsinina a natse. Sannan na juya mata baya, nic ce a ba ni ruwa.

Na daɗe ina shan ruwan nan. Matan da ke fuskantar gadon na ga idonsu ya buɗe, na harare su kada wadda ta yi magana.

Da na waiwayo babu tsini. Kulu na kwance yadda take, ido rufe, kumatu guda ya kumbura, ga mai a gefen bakinta.

"Wa ya ɗauki tsinina?"

Sai da ta tsotsa, ta tsotsa, sannan murya ta fito ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya.

"Baiwa. Gishiri ya yi yawa."

Surukar ta fashe da kuka ta fita. Ni ban yi ba, don in na yi Kulu za ta riƙe mani shi har kabari. Nic ce wanda ya saci abu ba ya kushe shi. Kafin la'asar ta sha romo, ba da yawa ba, kuma ba ta karɓa daga hannun kowa ba sai an aje an kau da ido. Na latsa cikinta da yatsa yadda Kaka ke yi, nic ce da saura. Ta buge mani hannu.

Mun kwana, da hantsi munka kamo hanya. Ruwan kwarin ya janye, ya bar laka da takalmin wani. Mun iso Kalgo da azahar, kula babu komai, ƙafafuna sun kumbura. Ba zan ce maku ta warke ba. Tana nan kwance, amma ɗanta ya ce tana shan kunu, kuma ta fara zagin mutane.

Abin da na gano a tafiyar nan, sannu ta yi wa Kulu yawa. Kowa ya zo yana mata magana kamar an riga an yi mata wanka, ita ma ta yarda ta mutu. Duk wanda ya san ta tana yarinya ya tahi, saura ni. In kuna da tsohuwa kwance, bayan magani ku nemo mata wanda bai jin nauyinta.

Na rama azumina. Na kuma gaya wa 'ya'yana, layyar baɗi in muna da rai, su raba nama yadda sunka ga dama, amma wutsiya tawa ce. Gishirin ma ba zan rage ba.